MURYA BIYU A KUNNE ƊAYA: DARASI DAGA ƊAKIN TUƘIN JIRGIN SAMA

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya, a garin Haɗejiya



Da farko muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro saboda damar da ya ba mu ta tsayawa a gabanku. Ranar da aka sanar da kan maganarmu, wani tsohon abokin aiki ya tare mu da barkwanci ya ce, "Malam, kai da ka ƙare ƙuruciyarka tsakanin allo da alli, me ya haɗa ka da tuƙin jirgin sama?" Gaskiyarsa. Ba mu taɓa tuƙa jirgi ba. Amma mun hau shi, kamar yadda da yawa daga cikinku suka hau, kuma sana'ar malamin makaranta ba ta wuce ya karanto abin da ya sami wasu, ya kawo shi gida domin a amfana ba.

GABATARWA

Kowace shekara mutanen wannan masarauta suna hawa jirgin sama, akasari domin sauke farali, a da ta filin jirgin Malam Aminu Kano, daga 2014 kuma har ta filin jirgin Dutse. Mukan zauna a kujerunmu mu ɗaura ɗamara, wasu ma su yi barci, ba tare da sanin abin da ke gudana a bayan ƙofar nan ta gaba ba. A bayan wannan ƙofa akwai matuƙa biyu, kuma akwai ranar da ke iya zuwa musu wadda rayukan duk mutanen jirgin za su rataya ga abin da suka aikata cikin daƙiƙa 5.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mun daɗe muna koyar da wannan karin magana a aji, muna ba yara maki a kanta. Sai dai tarihin jiragen sama ya nuna mana cewa maganar da sauranta. Kunne yakan ji, jiki kuma ya halaka, idan murya biyu suka faɗa masa lokaci guda, wannan tana cewa hau, waccan tana cewa sauka, alhali ba a yanke tun farko wacce za a bi ba. A kan wannan za mu yi magana.

YADDA AKE RABA HANYA A SAMA

Wanda ya ɗaga kai ya dubi sararin sama zai ɗauka fili ne fetal, babu yadda za a yi jirgi biyu su haɗu a cikinsa. Ba haka abin yake ba. Jirage suna bin ƙayyadaddun hanyoyi ne, tamkar yadda shanu ke bin burtali, kuma hanyoyin suna gittawa da juna. Da dama daga cikin jiragen da ke tasowa daga Turai zuwa kudancin Afirka ta saman ƙasarmu suke ratsawa. Tun da jiragen farko suka sauka a Kano a 1925 garin ya zama mahaɗa, har ma a taswirar matuƙa ta duniya da sunan Kano ake kiran sararin samaniyar Nijeriya baki ɗaya.

Ana raba jiragen ne hawa-hawa, kamar bene. Tun 2008 tazarar da ke tsakanin wani hawa da wani a can ƙololuwar sararin Afirka ƙafa 1,000 ce, wato kimanin mita 300. Mai yin rabon shi ne jami'in kula da zirga-zirgar jirage, wanda ke zaune a ƙasa gaban allon rada, yana magana da matuƙa ta rediyo. A Nijeriya hukumar NAMA ce ke da wannan aiki, kuma Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da irin waɗannan jami'ai. Tun ranar farko abin da ake cusa wa matuƙi shi ne, jami'i ya faɗa, kai kuma ka maimaita, ka aikata.

Amma jami'i ɗan Adam ne. Yakan gaji, yakan rikita lamba, wayarsa takan katse. Kuma a sama babu lokacin gyara. Jirgin fasinja yana gudun fiye da kilomita 800 a awa ɗaya. Idan biyu suka fuskanci juna, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da kilomita 1,600 a awa. Nisan Haɗejiya zuwa Kano, kusan kilomita 200, ba zai ɗauke su minti 8 ba; kilomita guda kuwa daƙiƙa biyu ce da 'yan kai. Kafin ido ya tantance cewa ɗigon da ya hango jirgi ne, aikin gama ya gama. Haka ta faru a Amurka a 1956, inda jirage biyu suka yi karo a saman kwazazzabon Grand Canyon, mutum 128 suka rasu. Bayan wani karon a kusa da Los Anjeles a 1986, wanda ya ci mutum 82, majalisar ƙasar ta wajabta wa jiragen fasinja ɗaukar wata na'ura da za ta zama katangar ƙarshe idan duk sauran sun rushe.

NA'URAR GARGAƊIN KARO

Matuƙa suna kiran wannan na'ura TCAS. Mu sai mu kira ta na'urar gargaɗin karo. Ga yadda take aiki a taƙaice. Kowane jirgi yana ɗauke da wata ƙaramar na'ura mai amsa kira. Na'urar gargaɗi tana aika tambaya ga jiragen da ke kewaye da ita kusan kowace daƙiƙa, su kuma suna amsawa da tsawon da suke a kai. Daga lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo take gane nisa, daga yadda nisan ke raguwa kuma take lissafa saura daƙiƙa nawa a haɗu. Ba ta dogara da rada ko wani mutum na ƙasa ba.

Maganarta mataki biyu ce. Idan ya rage kimanin daƙiƙa 40, sai ta faɗakar cewa akwai jirgi kusa. A wannan mataki ba a ce matuƙi ya juya komai ba. Ya natsu, ya duba, ya shirya. Idan ya rage tsakanin daƙiƙa 15 zuwa 35, sai ta ba da umarni da murya cikin Turanci, ko dai a hau ko a sauka, ta kuma nuna a allo iyakar hawan ko saukar da ake bukata. Ana son matuƙi ya fara aiwatarwa cikin daƙiƙa 5, kuma a hankali, domin yawanci 'yan ɗaruruwan ƙafa sun wadatar. Fasinjan da ke shan shayi ba lalle ne ma ya lura ba. Ba ta taɓa cewa a karkata dama ko hagu.

Abin da ya fi muhimmanci, jama'a, shi ne wannan: kafin na'urar ta buɗe baki, ta riga ta yi shawara da 'yar'uwarta da ke cikin ɗaya jirgin. Idan ta ce wa wannan ya hau, to an ce wa wancan ya sauka. Ashe umarnin da matuƙi ya ji rabin yarjejeniya ne, sauran rabin yana kunnen wani mutum da bai sani ba, bai kuma taɓa gani ba. Masuntanmu sun san irin wannan. Kwale-kwale biyu idan suka haɗu da dare a siririyar hanyar da aka sare cikin kacalla, tsirarsu ita ce kowa ya riƙe ɓangaren da aka saba. Wanda ya ga ya fi wayo ya sauya hannu, ya shiga daidai inda aka tura ɗan'uwansa.

Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, ta wajabta wannan na'ura ga manyan jiragen fasinja daga 2003, daga 2005 kuma ga duk jirgin da ke ɗaukar fiye da fasinja 19.

MAKO GUDA, MASIFA BIYU

Darasin farko daga gida yake. A ranar 7 ga Nuwamba 1996, da yamma, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 727 ya taso daga Fatakwal ya nufi Legas. Yana cikin saukowa sai hanyarsa ta kusanci ta wani jirgi da ya tashi daga Legas. Na'urar gargaɗi ta yi magana. Matuƙi ya karkata jirgin domin ya kauce, karkatar ta wuce kima, jirgin ya ƙwace masa, ya faɗa cikin ruwa a Ejirin. Duk mutum 144 da ke ciki suka rasu, har da Farfesa Claude Ake, ɗaya daga cikin manyan masana kimiyyar siyasa da Afirka ta haifa. Masu bincike sun ɗora laifin farko a kan yadda aka raba jiragen daga ƙasa, sannan a kan irin kaucewar da aka yi. Jiragen biyu ba su taɓa juna ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Gargaɗi yana da ma'auni, wanda kuma ya amsa shi da firgita yana iya jawo abin da ya fi wanda ake gudu.

Kwana biyar bayan haka, ranar 12 ga Nuwamba, jirgin Saudiyya ƙirar Boeing 747 ya tashi daga Delhi ta ƙasar Indiya ɗauke da ɗaruruwan mutane, akasarinsu masu zuwa neman abinci. Wani jirgin ƙasar Kazakistan da ke shigowa, wanda aka ce ya tsaya a ƙafa 15,000, ya gangaro ƙasa da haka. Suka yi karo a saman garin Charkhi Dadri, mutum 349 suka rasu, kuma har yau ba a yi karon jirage a sama da ya kai wannan muni ba. Babu na'urar gargaɗin karo a cikin ko ɗaya daga cikinsu. Sai bayan nan Indiya ta wajabta ta.

HAU KO SAUKA?

Yanzu sai mu zo ga zuciyar maganar. A ranar 31 ga Janairu 2001, jirage biyu na kamfanin jiragen Japan, ɗauke da mutum 677 jimilla, suka doshi juna a saman tekun ƙasar. Jami'in da ke koyon aiki a ƙasa ya rikita lambobinsu, ya umarci wanda bai kamata ba da ya sauka. Na'urar wannan jirgi ta ce a hau. Matuƙin ya bi jami'i ya ci gaba da sauka. Ɗaya matuƙin kuwa ya bi na'urarsa, wadda ta ce masa ya sauka. Duka biyun suka gangaro wuri ɗaya. A daƙiƙar ƙarshe ɗayansu ya hango ɗan'uwansa ya dulmiya jirginsa, suka gifta da ƙyar, kusan mutum 100 suka ji rauni. Hukumomin Japan suka nemi a fayyace wa duniya wa za a bi idan na'ura da jami'i suka saɓa. Ba a kai ga fayyacewa ba har wata 17 suka wuce.

A daren 1 ga Yuli 2002, wani jirgin Rasha ƙirar Tupolev ya taso daga Mosko zuwa Barsalona da mutum 69, akasarinsu yara 'yan makaranta daga garin Ufa da za su hutu. Wani jirgin kaya na kamfanin DHL, mai matuƙa biyu, ya taso daga Italiya ya nufi Beljiyam. Dukkansu suna ƙafa 36,000 a saman kudancin Jamus, ƙarƙashin kulawar cibiyar Zurik ta ƙasar Suwizalan. A daren nan jami'i ɗaya ne ke kula da tebur biyu, abokin aikinsa ya tafi hutawa. Ana gyaran na'urori, saboda haka alamar gargaɗin da ke allonsa ba ta aiki, layin wayarsa ma a katse yake. Jami'an wata cibiya a Jamus sun hango haɗarin, sun yi ta kira ba su samu ba.

Saura ƙasa da minti ɗaya jami'in ya farga, ya umarci jirgin Rasha da ya sauka da gaggawa. 'Yan daƙiƙoƙi bayan haka na'urori suka yi magana: jirgin Rasha ya hau, jirgin kaya ya sauka. Matuƙan jirgin kaya suka bi na'ura. A ɗakin tuƙin jirgin Rasha kuwa, mataimakin matuƙi da ke zaune a baya ya tunatar cewa na'ura fa hawa ta ce. Na gaba da shi ya amsa cewa jami'i sauka ya ce. Jami'in ya sake maimaita umarninsa, domin shi bai san abin da na'urori suka faɗa ba. Lokacin da matuƙan jirgin kaya suka sanar cewa suna sauka, yana kan magana da wani jirgi, bai ji ba. Suka yi karo a saman garin Ubalingen. Mutum 71 suka rasu, babu wanda ya tsira.

Ya kamata mu yi wa waɗannan matuƙa adalci. Ba sakarkaru ba ne, ba kuma masu taurin kai ba. Ƙwararru ne, kuma biyayya ce suka yi. Littafin aikinsu ya nuna musu cewa jami'in ƙasa shi ne ginshiƙi, na'ura mataimakiya ce. Su kuma matuƙan jirgin kaya an horar da su cewa na'ura ake bi. Kowa ya bi abin da aka koya masa, koyarwar ce ba ɗaya ba. Binciken hukumomin Jamus ya nuna da dukkansu sun bi na'ura, da sun wuce lafiya. Masifar ma ba ta tsaya nan ba, domin a 2004 wani magidanci da ya rasa matarsa da 'ya'yansa biyu a jirgin ya je har gida ya kashe jami'in.

DOKAR DA AKA KAFA BAYAN HAKA

A 2003 hukumar ICAO ta gyara ƙa'idojinta, ta yi magana ba tare da kwana-kwana ba. Idan na'ura ta ba da umarnin hawa ko sauka, matuƙi ya bi nan take, ko da jami'i yana faɗin akasin haka. Kada ya kuskura ya yi kishiyar abin da ta ce. Da zarar ya samu sarari ya sanar da jami'i. Shi kuma jami'i, daga jin haka, ya janye bakinsa daga jirgin, kada ya ƙara ba shi wani umarni har sai matuƙi ya ce haɗari ya wuce.

Wani zai tambaya, shin an fifita ƙarfe a kan ɗan Adam ke nan? A'a. Na'ura ba ta fi jami'i hankali ba. Abin da ta fi shi da shi a wannan rabin minti abu uku ne: tana ganin halin da ake ciki a daidai lokacin, alhali hoton rada yakan zo da jinkirin 'yan daƙiƙoƙi, tana magana da jirage biyu lokaci guda, shi kuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ta riga ta daidaita da 'yar'uwarta. A lura kuma, hukuma ce da kanta ta kafa wannan doka. Matuƙin da ya bi na'ura ya bar muryar jami'i bai yi wa hukuma tawaye ba, umarninta mafi girma ya bi.

Duk da haka bin dokar ba sauƙi gare shi ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana amsa wa jami'i da "to", da wuya ya yi biris da muryarsa cikin daƙiƙa 5, musamman in muryar tana rawa. Ido ma yakan yaudari matuƙi, ya hango wani jirgi ya ɗauka shi ne ake gudu, alhali wani ne daban yana tafe ta inda bai duba ba. Sau da yawa kuma na'ura takan yi magana a inda dama jiragen za su tsaya hawa daban-daban, sai sabo ya sa a fara raina ta. Saboda haka ake shigar da matuƙa ɗakin gwaji mai kama da jirgi a kai a kai, ana maimaita musu wannan yanayi har hannu ya riga tunani. Ba a fafe gora ranar tafiya. An kuma koya wa ƙaramin matuƙi ya ɗaga murya idan ya ga kuskure, an koya wa babba ya saurara. Ita ma na'urar an inganta ta, ta yadda in ta ga ɗaya jirgin ya saɓa, za ta iya juya umarninta.

Tana kuma da iyaka. Ba ta ganin wanda ya yi shiru. A ranar 29 ga Satumba 2006, a saman dajin Amazon na ƙasar Barazil, wani ƙaramin jirgi ya yi tafiyar kusan awa guda na'urarsa mai amsa kira tana kashe, matuƙansa ba su lura ba. Ya gogi wani jirgin fasinja na kamfanin Gol, mutum 154 suka rasu, babu na'urar da ta yi ƙara. Haka kuma idan jirgi ya yi ƙasa da kimanin ƙafa 1,000 ba ta ba da umarnin hawa ko sauka, kuma a irin wannan tsawo ne jirgin fasinja da jirgin soja mai saukar ungulu suka yi karo a Washinton a Janairun 2025, mutum 67 suka rasu.

MU DAWO GIDA

Jama'a, mun yi nisa, bari mu dawo bakin kogi. Mu ma muna zaune ne a mahaɗa, sai dai tamu ta ruwa ce. Abin da ya sauka a Kano, da abin da aka sako daga madatsar Tiga da aka gina a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992, duk ta Wudil da Ringim yake biyowa ya iso mana, ya tarar da kacalla ta toshe masa hanya. Mun ga ambaliyar 2001, mun ga ta 2012, ta 2020 da ta 2022. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma ba sa bukatar a ba su labari. Kuma ba gargaɗi muka rasa ba. Hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashe kowace shekara tun kafin damina, gidajen rediyo suna faɗa. Matuƙi rabin minti ake ba shi, mu kwanaki ake ba mu.

Bari mu faɗi laifinmu da bakinmu. A wata shekara muna shugabantar wata makarantar firamare a bakin fadama. Akwai wata tsamiya da dattawan garin suka gada cewa in ruwa ya taɓa gindinta, to sai tashi. Ruwa ya taɓa. Mai gari ya aiko a sallami yara a kwashe kaya. A ranar kuma takarda ta iso daga ofis cewa kada a rufe makaranta sai an zo an duba. Muka tsaya tsakanin murya biyu, muka kwana biyu muna jiran mai zuwa. A dare na uku ruwa ya shigo. Allah ya tsare yaran, amma rajistar makaranta ta shekaru masu yawa da littattafan karatu duk suka tafi, har yau akwai waɗanda ke neman shaidar karatunsu ba mu da abin nuna musu. Wanda ya rubuta takardar nan ba mugu ba ne. Bai ga tsamiya ba ne kawai, kamar yadda jami'in Zurik bai ji na'ura ba. Laifin na rashin ƙa'ida ne da aka yarda da ita tun rani.

Saboda haka muke roƙon iyayenmu sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomi su duba waɗannan abubuwa. Kowane gari na bakin ruwa ya kafa ma'auni a fili, ko da turke ne mai fenti, a zauna tun rani gaban hakimi da jami'an hukuma a yanke cewa in ruwa ya kai alama kaza a fara shiri, in ya kai kaza a tashi, ba sai an jira takarda ba, kuma hukuma ta sa hannu a kan haka domin kada a hukunta wanda ya bi. Duk wanda ya fara ganin alamar ya faɗa, ko yaro ne, manya kuma su saurara, wannan ba rashin kunya ba ne. Garin da zai ɗaga jinga ko ya fasa wa ruwa hanya ya sanar da maƙwabtansa tukuna, domin ruwan da ka kora daga gonarka gidan wani ya nufa. Hawan wani saukar wani ce. Kada wayar mai gari ta kwana a kashe a watan Agusta da Satumba. In kuma lokacin tashi ya yi, a tashi da rana cikin natsuwa, kada a bari sai tsakar dare a cika kwale-kwale fiye da ƙarfinsa, a tsere wa ambaliya a nutse a hanya.

KAMMALAWA

Ƙa'idar da matuƙa ke bi a yau ba a zaune aka tsara ta ba. Da rayukan mutanen Ejirin da na Charkhi Dadri da yaran Ufa aka saye ta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk lokacin da ɗayanmu ya sake hawa jirgi daga Dutse ko Kano, ya tuna cewa amincinsa, bayan kiyayewar Ubangiji, yana ga yarjejeniyar da matuƙinsa ya ƙulla da wani matuƙi da bai sani ba, cewa ranar da murya ta zama biyu, dukkansu ɗaya za su bi. Ga ɗalibanmu da ke zaune a bayan wannan zaure kuwa, ƙofar kwalejin Zariya a buɗe take ga wanda ya riƙe lissafi da kimiyya da Turanci, kuma muna fatan ganin ranar da ɗan wannan masarauta zai tsaya a nan ya gyara mana abin da muka yi kuskure a cikinsa yau.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye matafiyanmu na sama da na ƙasa da na ruwa, ya ba mu damina mai albarka. Allah ya ja zamanin Sarki.